Kwanan dutse da kiɗa: mai kalangu ya fanshi kuɗina, masu shirin sun ɓata min rai

Tun da na ɗora hotunan tafiyarmu a Facebook ake ta tambayata ko kwanan dutsen da wasu matasa suka shirya daga Katsina, wanda suka ce za a haɗa kiɗan gargajiya da na zamani, ya ci kuɗinsa. Kuɗin dai da suka sa a tallansu ba ƙaramin abu ba ne ga mai jiran albashi a wannan zamani. A taƙaice, na ga abin da ban yi zaton gani ba, kuma saboda shi kaɗai ban ji zafin biya ba. Amma akwai inda suka ɓata min rai ƙwarai, kuma sai na faɗa.

A Ƙofar Durɓi muka taru bayan Azahar, aka ɗebe mu a bas muka kama hanyar Daura. Mun wuce Mashi, wajen Shargalle muka sauka daga kwalta muka shiga burji. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka yi gabas aka bar duwatsun wajen Batsari da Safana, kowa ya san halin da bakin dajin Rugu yake ciki. A nan na yaba musu. Sun riga sun je sun gai da mai gari, sun ɗauki 'yan sintiri daga cikin mutanen ƙauyen, tantunan mata kuma aka kafa su gefe guda da matan da ke kula da su. Hankalina ya kwanta tun kafin rana ta faɗi.

Hawan dutsen ba wani abin tsoro ba ne, kada wanda ya saba da tsaunukan Jos ya sa rai da irinsu. Akwai dai wuri ɗaya mai santsi da suka ɗaura igiya, a nan masu takalmin gayu suka sha wuya, yaran ƙauye kuwa da silifa suke wuce mu, jarkar ruwa a ka. Daga sama kana hangen gonakin gero an girbe, kara a tare, itatuwan gawo sun yi kore shar a tsakiyar rani, hazo ya rufe can nesa. Ya yi kyau, ba musu.

Bayan Isha'i aka tada inji aka fara kiɗa. Akwai masu jita biyu da aka ce daga Damagaram suka zo, irin kiɗan Buzaye suke yi, sai mai piyano, sai mai gurmi, sai wani dattijo da kalangu da aka zaunar can ƙarshen dandali. Da farko ban ji daɗi ba ko kaɗan. Piyano ya danne kowa. Kana ganin yatsun mai gurmi suna motsi amma ba ka jin komai, dattijon kuwa in ya ɗan taɓa sai ya ajiye makaɗi ya zuba ido. Har na fara cewa a raina an kawo su ne kawai don a cika hoto.

Can sai na ga ya tashi ya nufi tukubar mai tsire. Sanyi ya sauko, fatar kalangun ta saki, ya je ya gasa ta. Ya tsuguna yana jujjuya bakin kalangun a gefen garwashi, yana shafawa da tafin hannu, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa ya kai kunne. Mai tsiren wani ƙaton mutum ne marar magana, tun yamma ban ji ya ce komai ba sai “na nawa?”, yana ta yanka albasa kansa a ƙasa. Da fata ta yi yadda dattijo yake so, sai ya saƙale kalangu a hammata, ya matse tsarkiya, ya dubi mutumin nan, ya saki taken mahauta.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mutumin ya tsaya cak, wuƙa a hannu, albasa ta faɗi ƙasa. Sai ya ɗaga wuƙar sama ya kurma ihu, ya shiga kirari, yana ambaton ubansa da kakansa da kasuwannin da suka yi fawa, muryarsa na rawa. Dattijo yana ba shi amsa da kalangu, in ya matse tsarkiya murya ta hau, in ya saki ta sauka, har kana jin maganar da gangar take yi ba sai an fassara maka ba. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kalangu na mahauta ne tun asali, amma yawancin yaran da ke wurin ba su taɓa ganin take ya kama mai shi a gabansu ba. Kujeru suka zama wayam, kowa ya dawo bakin tukuba.

Abin da ya fi burge ni shi ne babban mai jitar. Bai yi gardama ba. Ya yi wa mai piyano alama ya dakata, ya bar abin da yake kaɗawa, ya saurara, sannan ya fara bin kalangun a hankali. Kalangu ya faɗi magana, jita ta maimaita ta da irin jan nan na Buzaye, gurmi ya shigo ta ƙasa ya riƙe musu ƙugu. Wani yaro mai hankali ya ciro makirfo ya kawo wa dattijo har inda yake. Sai a lokacin na gane abin da suke nufi da haɗa na gargajiya da na zamani, domin ba wanda ya hau kan wani, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gama magana. Wani bawan Allah da ke kusa da ni, wanda tun a mota yake latsa waya, sai ga shi yana share ido yana cewa kakansa Sarkin Fawa ne a garinsu. Aka yi ta liƙi, har 'yan sintiri suka matso. Ni da nake ganin na wuce rawa, ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar fili ba.

Ana cikin haka, abin ya yi zafi, sai ga ɗaya daga cikin masu shirin da waya a hannu. Ya ratsa mutane ya dafa kafaɗar dattijo ya ce, “Baba, a yi haƙuri, lokacinku ya cika.” Kafin ya rufe baki an zare makirfo. Dattijo ya dube shi, ya sauke makaɗi ya ce, “To ɗana, Allah ya yi albarka.” Ya koma gefe ya zauna. Mai tsire ya sunkuya ya ɗauki wuƙarsa.

Na bi shugabansu na ce, “Haba Malam, ba ka ga abin da ke faruwa ba? Ku bar su su ƙarasa mana.” Ya ce, “Yallaɓai, tsari ne, mai sa faifai mun biya shi, kuma matasa shi suke jira.” Waɗanne matasa? Su ne fa ke tsaye suna roƙon a ci gaba. Daga nan aka sakar mana waƙoƙin da ke cikin wayar kowa, waɗanda ake sawa a kowane ɗakin biki a Katsina, lasifika na ƙara kamar ta mai tallar magani ranar kasuwa, har wajen ƙarfe 2 na dare. Da don wannan ne, me ya kai ni kan dutse cikin hunturu?

Wannan ya tsaya min a rai. Jihar nan ce ta haifi Mamman Shata a Musawa, mutumin da ya kai kalangu inda ba a taɓa zato ba, kuma tun da ya rasu a 1999 a Daura yake kwance, ba nisa da dutsen da muke kai. A wannan ƙasa a zare wa mai kalangu makirfo yana tsakiyar take, abin kunya ne.

Kuma da na ce ban ji zafin biya ba, yanzu da nake rubutu sauran abubuwan suna dawo min, sai na ji ban tabbata ba. Sun rubuta cewa akwai bargo, abin da muka tarar a tanti mayafi ne shara-shara, iskar arewa kuwa a kan dutse ba ta da sauƙi. Ban yi barcin kirki ba. Ruwa ya ƙare tun cikin dare, da Asuba mutane da yawa taimama suka yi. Makewayi buhu ne aka zagaye, iska ta kayar da rabinsa, mata suka yi ta jira har gari ya waye sarai kafin a gyara. Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Amma da na fito da tocila neman buta, sai na ga dattijon nan da mai gurmi a kwance a tabarma gefen tukuba, sun lulluɓa da rigunansu suna neman ɗumin toka. Ba a ba su tanti ba. Masu jita suna da nasu, mai sa faifai yana da nasa. Mutumin da a shekaru ya haifi mai shirin, wanda shi ya ba wa daren nan daraja, shi aka bari a waje. Wani abokina ne ya matsa ya shigar da su nasa tantin.

Da safe shayi ya yi daɗi, matan Fulani suka kawo fura da nono muka saya da kuɗinmu. Aka kai mu Daura ganin rijiyar Kusugu kamar yadda aka yi alkawari, sai dai a gurguje, mai bayani bai gama labarin Bayajidda da macijin ba direba ya fara danna ham.

Na ji sun ce za su sake shirya wani bayan salla. Ni dai ba zan tura musu ko sisi ba sai sun faɗa min a rubuce cewa masu kalangu da gurmi suna da lokacinsu cikakke, suna da tanti da abinci daidai da kowa. In kun riga kun biya, ku tafi da bargonku da jarkar ruwanku, kuma ku riƙe canji a aljihu don liƙi, ku miƙa wa dattijon hannu da hannu.