Garejin da suka mayar mini da babur mai ƙafa uku

Wata takwas ke nan ina hawan babur ɗin, don haka yanzu na isa in yi magana a kan aikinsu.

Ba da son raina na san wurin ba. Ina aikin sito a wani kamfanin robobi a nan Kano kaya suka rufto mini a ƙafar dama. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi na kwana 12 ne kacal a shekara, shi ma sai da takardar likita, ni kuwa wata huɗu na yi a kwance. An biya ni watan farko, daga nan shiru. Da na tayar da maganar diyyar da dokar 2010 ta tanada, wadda kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, dominta, sai manaja ya ce ai ni ɗan wucin gadi ne, sunana ba ya ciki. Shekara shida ina wucin gadi!

Daga baya na samu aikin rubuta lissafi a wani shago a Kantin Kwari. Albashin bai kai na da ba, ga kuɗin adaidaita sahu na cinye kusan rabinsa, tunda da sanduna ba na iya turereniya sai dai in ɗauki shata.

Garejin rumfar kwano ce, yawancin ma'aikatan kuma waɗanda shan inna ta taɓa ne. Ogan wurin dattijo ne, a zaune yake walda a kan wani guntun benci. Abin da ya fara burge ni, bai tambayi kuɗi ba sai da ya sa na zauna a kan babur ɗin, ya ɗauko tef ya auna ni, ya ce, "Ɗana, wace ƙafar ce ke ɗaukar nauyi?" Da ya ji ta dama ce ta lalace, sai ya cire birkin ƙafa ya mayar da shi hannu, ya bar mini giya a hagu. Ya ɗora tayoyi biyu a baya, ya yi wa sandunana maƙala a gefe ba tare da na roƙa ba. Waldar nan har yau ko tsagewa ba ta yi ba, duk da ramukan hanyarmu.

Muna hira ya nuna mini yaransa biyu masu difloma. Na ce ai dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ya yi dariya ya ce su dai a rediyo suka ji ta.

Inda suka gaza: sun ce mako biyu, sai da na yi biyar ina sintiri, kullum ba wuta. Fentin ya fara ɓarewa tun damina ta farko. Babur ɗin ya ƙara shan mai, kuma in ka sha kwana da gudu tayar baya ɗaya kan ɗaga, sai da na kusa kifewa a shataletale kafin na koya.

Sarƙa ta taɓa sauka sau biyu, na koma, suka gyara ba su karɓi ko sisi ba. In za ka je, ka ba da rabin kuɗi kawai, kuma ka tafi da sandunanka don a auna maƙalar daidai tsawonsu.