Ƙwarƙwata a kan yaro: me ya kamata a saya?

Duk uwar da ta tsefe wa 'yarta kitso bayan ta dawo hutu daga makarantar kwana ta ga fararen ƙwayaye manne da gashi a bayan kunne da ƙeya, ta san faɗuwar gaban nan. Ba ƙazanta ce ke kawo ƙwarƙwata ba. Ba ta tashi sama, ba ta tsalle, rarrafe take daga kai zuwa kai, shi ya sa ta fi yawa a 'yan shekara 3 zuwa 11, musamman 'yan mata masu haɗa kai wajen wasa, da aron hijabi, ɗankwali ko mataji a Islamiyya.

Abin da nake ba da shawarar a fara saya shi ne mataji mai ƙananan haƙora sosai, na ƙarfe in an samu, domin na roba haƙoransa kan buɗe. A jiƙa kai, a shafa man laushin gashi da yawa, a raba gashin kashi-kashi kamar za a yi kitso, a taje daga tushe, ana goge matajin a farin ƙyalle. A yi haka rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13. Akwai cin lokaci, gashi mai cika ma sai an yi haƙuri, amma ba guba ba ce, kuma mataji ɗaya zai yi wa gida shekaru.

Idan magani za a saya a kemis, akwai permethrin mai kashi 1 cikin 100. Minti 10 ake barinsa a wanke. Aibinsa, a wurare da dama ƙwarƙwata ta saba da shi. Dimeticone mai kashi 4 ya fi kwanta mini: lulluɓe ta yake har ta mutu, don haka da wuya ta saba da shi, sai dai ba kowane shago ke da shi ba. Malathion yana aiki, amma yana da wari, wani nau'insa kuma na kama wuta. Kowanne aka ɗauka, a duba lambar NAFDAC, kuma jariri ko mai ciki a tambayi likita tukuna.

Inda iyaye suka fi faɗuwa shi ne zagaye na biyu. Ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10, magani kuma ba ya kashe shi duka. In ba a maimaita bayan mako guda ba, kuɗin ya tafi a banza.

Namiji kam, aski ya wadatar.

Don Allah kada a kusantar da kananzir, fiya-fiya ko Sniper ga kan yaro. Fatar kai na zuƙar gubar, an kuma rasa rayuka ta haka. A duba kawunan sauran 'yan gida a rana guda, a wanke rigar matashin kai da hijabi da ruwan zafi, mai kitso kuma a tafi mata da matajin gida.