Wasiƙa daga Winnipeg: hitar kujerar mota da tsadar aikin hannu

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Umma da yara da mutanen shago. Ka ce in ba ka labarin yadda sana'arka ta ɗinkin kujerar mota take a Kanada. A taƙaice, kaya a nan araha ne, hannun da zai ɗaura su ne ke da tsada, kuma hannu irin naka yana cikin masu tsadar.

Sai ka fara sanin sanyin garin nan kafin ka gane zancen. A watan Janairu, digiri 20 ƙasa da sifiri da dare abu ne da aka saba da shi a Winnipeg, idan iska ta taso kuma jiki yakan ji kamar 40. Motoci da yawa za ka ga waya tana lilo a gabansu, ana jona ta da wutar gida ko ta wurin ajiye motoci don injin ya kwana da ɗumi. Hitar cikin mota kuwa daga ruwan injin take samun zafi, sai injin ya ɗauki zafi sannan ta fara amfani. Kafin nan kana zaune a kan fatar da ta kwana a waje, sanyinta yana ratsa wando har ƙashi. Shi ya sa hitar kujera ba kayan ƙawa ba ce a nan. Da wutar batir take aiki, cikin minti biyu ko uku ka fara jin ɗumi a bayanka.

Tsohuwar motar da na saya kujerunta fata ne amma ba ta da hita, sai na nemi wadda ake sa wa daga baya. Kayan ba su da yawa: shimfiɗa biyu sirara masu zaren kabon a ciki, ɗaya ta mazauni ɗaya ta jingina, sai waya, da makunni mai ƙarami da babba, da fis, da 'yar na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai iyaka. Da bolt 12 na mota take aiki. A intanet ana samun na kujera guda a ƙasa da dala 100. Kuɗin sa ta kuwa ya ninka kuɗin kayan sau da yawa, domin gareji a nan da awa suke lissafi, kuma awa guda ta wuce dala 100 a yawancinsu. A kan wannan jihar Manitoba, inda Winnipeg take, da gwamnatin tarayya suna ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari. Ba ciniki, ba "albarka", ba "rage mini don Allah". Sai ka kira an ba ka rana, wani lokaci mako biyu nan gaba idan sanyi ya kama.

Na roƙi mai shagon ya bar ni in tsaya in kalla, ya yarda. Wallahi Yaya, rabin aikin naka ne. Ya kwance notunan kujera ya fitar da ita, ya yanke ƙananan zobban ƙarfen da ke riƙe fata da soso, ya ɗaga fatar a hankali, ya manna shimfiɗar a kan soso, ya huda ta daidai inda zobba za su koma don kada kujerar ta rasa tsagarta. Sannan ya mayar da fata ya ɗame ta da filaya. A wurin ɗamewar nan ban ga ya fi ka ba ko kaɗan. Ka sha ɗinke kujera sabuwa fil daga leda da soson da aka sayo a kasuwa, ba tare da ma'aunin kamfani ba, shi kuwa fatar da kamfani ya yanka ya mayar kawai. Abin yana ci mini rai idan na tuna kuɗin da ake ba ka, har a biyo ka bashi.

Inda suka fi mu shi ne sauran rabin. Kafin ya taɓa komai sai da ya cire kan batir ya jira, saboda akwai jakar iska a gefen kujerar wadda ke fashewa ta kare haƙarƙari lokacin haɗari. Wutar hitar ya ɗauko ta daga akwatin fis, daga layin da ke mutuwa idan an kashe mota, don kada ta shanye batir da dare, kuma ya ba ta fis nata. Ba na zagin rewayoyinmu, akwai gwanaye a cikinsu, amma ni da kai mun san yadda ake naɗa waya a gurbin fis idan ya ƙone. A ƙarƙashin soso, wannan gobara ce. Kujerar fasinja kuma ya ce sai ya duba littafin motar tukuna, domin motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka da Kanada suna da na'ura a mazauni da ke gane ko babba ne a zaune ko yaro saboda aikin jakar iska, kuma a wasu motocin shimfiɗar hita tana rikita ta. Idan haka ne, jingina kaɗai yake sa wa. Da ya gama ya ba ni rasit da garanti a rubuce.

Ga inda zancen ya shafe ka kai tsaye. Motocin nan da yawa su ne ke isowa gare ku ta Legas da Kwatano. Idan ka ɗaga fata ka ga wata farar shimfiɗa mai waya, galibi hitar ce. A Kano ba mai buƙatarta, sai dai mai zuwa Jos da hunturu, amma kada ka yanke ta da almakashi ka bar waya tsirara. Zare filoginta daga ƙarƙashin kujera ya wadatar. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ɗinkin gefen kujerar da aka rubuta wa alamar jakar iska: da gangan kamfani ya yi shi da zaren da zai yage. Idan aka sake shi da zare mai ƙarfi, ko aka lulluɓe da riga mai kauri, jakar ba za ta fito yadda ya kamata ba ranar da ake buƙatarta. Don Allah ka gaya wa yaran shago wannan, ka gaya wa masu motar ma ko da za su ce ka cika tsanani.

Na saya maka filayar zobban nan da kwalin zobba guda, sun fi wayar da muke murɗawa sauri da riƙo. Zan ba wani ɗan Kano da zai zo gida ya kawo maka, idan ya tsayar da rana zan kira ka.