Bitamin D ko bitamin K: wanne za a saya wa Inna saboda ƙashi?

Hajiya, kin ce Inna ta haura shekara sittin da biyar, gwiwa da ƙugu sun matsa mata har sallah a zaune take yi, kuma da kika shiga kemis a Jekadafari aka ɗauko miki kwalba biyu, ɗaya bitamin D3 zalla, ɗaya D3 haɗe da K2 mai ɗan karen tsada. Kina son sanin wanne ya fi. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya.

A ganina, idan dole sai an zaɓi ɗaya, D ne. Amma ina jin tsoron ki kashe kuɗinki a kan kwalba alhali abin da Inna ta rasa yana cikin ƙwaryar nono.

Ki ɗauki ƙashi a matsayin rumbu. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki, wato sinadarin da ke ba ƙashi ƙarfi, a ƙashi da haƙori yake ajiye. Jini yana buƙatar kalsiyam kullum domin zuciya ta buga, tsoka ta motsa, kuma duk ranar da abinci bai kawo ba, jiki zai buɗe rumbun ya ɗiba. Shekara da shekaru ana ɗiba ba a zubawa, musamman ga macen da al'ada ta ɗauke mata, sai rumbu ya zama fanko.

Aikin bitamin D shi ne kwaso kalsiyam daga hanji zuwa jini. Idan babu shi, abin da hanji ke tsotsa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyam ɗin abinci ba, idan kuwa akwai shi isasshe yakan kai kashi 30 zuwa 40. Aikin bitamin K daban ne. Asalin saninsa a kan daskarewar jini ne, shi ya sa ake yi wa jariri allurarsa ranar haihuwa don kada jini ya ɓalle masa. Wani masani ɗan Denmak, Henrik Dam, ya gano shi a 1929. Daga baya aka fahimci yana kuma farkar da wani furotin na ƙashi mai suna ostiyokalsin, wanda ke kama kalsiyam. Wato D ne amalanken da ke kawo hatsi daga gona, K kuma yana cikin masu taya jerawa a rumbu.

Ta fuskar hujja kuwa, ba sa auna ɗaya. Rashin D cuta ce sananniya. A yara tana lanƙwasa ƙafa, gwame ko baka, a manya kuma tana tausasa ƙashi, mutum ya riƙa jin ciwo a ƙugu da cinya, tashi daga tabarma ya gagare shi sai ya dafa. Idan aka auna aka ga ƙarancin, aka ba da maganin, ana samun sauƙi. Shi kuwa K, da wuya a samu babban mutum mai cin miyar ganye ya rasa shi, sai dai mai ciwon hanta, ko mai cutar hanji da ba ya tsotsar maiƙo, ko wanda ya daɗe a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. A Jafan likitoci suna rubuta wani nau'in K2 ga masu raunin ƙashi, miligiram 45 a rana, wanda ya ninka abin da ke cikin kwalaben kemis sau ɗaruruwa. Gwaje-gwajen da aka yi a wasu ƙasashe sun saɓa wa juna a kan ko yana hana karaya, shi ya sa har yanzu bai shiga sahun magungunan da ake fara bayarwa ba.

Shi ma D ɗin kada a kai shi inda Allah bai kai shi ba. An yi wani babban gwaji a Amurka a kan manya sama da 25,000, rabinsu suna shan bitamin D IU 2,000 kullum (IU shi ne ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalbarsa) har fiye da shekara biyar, aka fitar da sakamakon karaya a 2022: waɗanda suka sha ba su fi waɗanda ba su sha ba tsira daga karaya. Yawancinsu dama ba su da ƙarancinsa. Ga wanda jikinsa ya riga ya wadatu, ƙari ba ya ƙara komai.

To ga abin da ya fi damuna, kuma a maƙwabtanmu aka gano shi. A Jos, likitoci sun gwada yara 123 masu lanƙwasasshiyar ƙafa, aka buga sakamakon a 1999. Wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyu. Waɗanda suka samu kalsiyam, ko da D ko babu, sun fi waɗanda aka ba D zalla warkewa nesa ba kusa ba. Kalsiyam ɗin da yaran ke samu a abinci kusan miligiram 200 ne kacal a rana. Rana, wadda ke sa fata ta haɗa D, ba ta yi musu rowa ba, tuwo ne babu mahaɗi. Abincinsu kuwa bai bambanta da namu na Gombe ba: masara, dawa, shinkafa, miya kaɗan. Mace mai shekarun Inna tana buƙatar kusan miligiram 1,200 a rana. Ki lissafa abin da ta ci jiya, koko da safe, tuwo da dare, ki ga ko ta kusa. Amalanke komai kyansa, in gona babu hatsi, wofi zai dawo. Nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya, riɗi, zogale, kuka, kuɓewa, kunun tamba, waɗannan ne za su cika mata rumbu. Kofi ɗaya na madara kaɗai yana ba da kusan miligiram 300.

Wajen samu kuma kowanne da hanyarsa. D fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su gyara shi ya zama mai aiki. A abinci kaɗan ne: kifi mai maiƙo irin su sadin da taitus, gwaiduwar ƙwai, hanta. Za ki ce mu da rana ke gasa mu a Maris da Afrilu ina mu ina ƙarancinsa? Ai tsohuwar da ke wuni a ɗaki, in ta fito kuma tana lulluɓe, rana ba ta ganin fatarta. Baƙar fata ta fi daɗewa kafin ta haɗa shi, fatar tsufa ma haka, kuma hasken da ya biyo ta gilashin taga ba ya yi. Ranar sassafe da ake yawan yabo ma ba ta da ƙarfin, sai hantsi ya ɗaga. A shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, hannu da ƙwauri a buɗe, na ɗan lokaci, ba sai ta galabaita ba. Shi kuwa K yana cikin alayyafo, kabeji, latas, zogale da sauran ganye kore, kuma yana son ɗan mai a miyar kafin hanji ya tsotse shi. Mace maikurogiram 90 take buƙata a rana (maikurogiram dubu ne miligiram ɗaya), namiji 120, kwanon miyar ganye ɗaya yakan biya.

Sai haɗari, kuma nan nake roƙon ki tsaya ki karanta da kyau. D yana taruwa a jiki. Buƙatar babba IU 600 ce a rana, 800 bayan shekara 70, kuma ba a so a wuce 4,000 ba da umarnin likita ba. Akwai ƙwaya mai IU 50,000 da likita ke rubutawa sau ɗaya a mako na wasu makonni. Mai shan ta kullum kamar farasitamol zai iya cika jininsa da kalsiyam, ya kama ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, har tsakuwar ƙoda. A Ostireliya an gwada ba tsofaffin mata IU 500,000 sau ɗaya a shekara, sai faɗuwa da karaya suka ƙaru. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna riƙe kalsiyam a jini, a haɗa su da D mai yawa sai abin ya yi ƙamari.

K ba a san shi da guba irin wannan ba, amma yana da abokin gaba guda: warfarin, maganin tsinka jini da ake ba mai gudan jini a ƙafa, ko mai bugun zuciya marar tsari, ko wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya. K yana karya aikinsa kai tsaye, jini ya daskare inda ba a so, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. Kin ce Inna tana shan "maganin zuciya" ba ki faɗi sunansa ba. Don Allah kada kwalbar K2 ta shiga gidan sai kin duba.

Wani abu kuma, ciwon gwiwa a wannan shekaru sau da yawa amosanin gaɓɓai ne, gurunguntsi ya cinye, kuma D da K ba sa mayar da shi. Raunin ƙashi shi ba ya ciwo sai ranar da aka zame a banɗaki. Ki kuma bincika ko ana haɗa mata magungunan ciwon jiki a leda, domin sau da yawa akwai deksa ko firednisolon, magungunan rage kumburi, a ciki, kuma shan su na tsawon lokaci yana cinye ƙashi fiye da yadda kowane bitamin zai gyara.

Da ni ce, zan tattara duk magungunanta a jaka, har da na gargajiya, in kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya na nan Gombe ko asibitin ƙwararru na jiha, in roƙi a duba gwiwar, a auna ƙoda da kalsiyam, da bitamin D in da hali. Idan likita ya rubuta D3, ki sayi ƙaramin awo mai lambar NAFDAC, ta sha bayan abinci mai ɗan maiƙo, ragowar kuɗin K2 ɗin kuma ki ba mai nono ta riƙa kawowa kullum. Ki rubuto mini sunan maganin zuciyar nan yau, kamar yadda yake a jikin kwalin.