Shukokin bakin titi a kejin hawainiya, bayan wata huɗu

Masu gargaɗi kan ce hawainiyarka ta kiyayi ramata. A gidana kuwa ni da kaina na shuka wa hawainiya rama, kuma ɗana ne ya jawo mini. Shi ya ƙwace ta a hannun yara suna jifanta, ya kafe sai mun riƙe ta. Kafinta ya haɗa mana keji na katako da raga, ni kuma na tafi wajen wani mai sayar da furanni a bakin titi nan Kaduna.

Shukokinsa lafiyayyu ne, farashinsa babu zalunci, har mota ya kai mini tukwanen. Sai dai shi ado yake sayarwa. Da na ce na hawainiya ne, ya yi dariya, ya ɗauko mini kariya mai jan fure ya ce, "Hajiya, wannan za ta ƙawata kejin." Na ce, "Malam, a ƙauye na tashi. Da ruwan kariya ake dafin kibiya." Bai ma sani ba. Na tambaye shi ko yana fesa maganin ƙwari, ya ce ai dole. Wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta fi komai yi mini amfani, don da na dawo gida sai na wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya, na zubar da ƙasarsa mai ƙwayoyin takin zamani, na zuba sabuwa, na bar tukwanen a tsakar gida mako uku. Saman ƙasar kuma na jera duwatsun da suka fi bakinta girma, saboda harshenta kan ɗauko fara har da abin da farar ta taka.

Cikin huɗun da na saya, potos ce ta ci kuɗinta, wato mai yaɗon nan da ake ratayewa a baranda. Hawainiya ba ta shan ruwa a kwano, raɓa take lasa a jikin ganye, kuma faffaɗan ganyen potos na riƙe ɗigon ruwa idan na fesa safe da yamma. Da hunturu ya kankama, iska ta bushe, ita ta rufa mana asiri. Ba ta damu da inuwa ba, ga saurin toho. Amma ganyenta na da wani sinadari mai sa baki ƙaiƙayi. Tamu irin ta gida ce, fara da gyare kawai ta sani. Wanda yake da irin ta Yaman da Saudiyya, mai dogon tozo a ka, ya sa ido, don ita takan ci ganye.

Shefilera, mai ganye kamar lema, rassanta na da ƙwari, a kanta take kwana. Ba ni da ƙorafi.

Hibiskus ba ta da dafi ko kaɗan, ganye da fure duka, amma 'yar rana ce. Cikin keji ta dinga zubar da ganye har ta kusa zama tsinke, na fitar da ita ta farfaɗo. A nan ne maƙwabciyata, wadda har yau ba ta yarda ta kalli kejin ba, ta ce ai rama danginta ce. Na watsa iri a tsohon bokitin fenti, ta fito, yanzu nakan musanya ramar da hibiskus ɗin a kejin duk mako.

Fikus ce na yi da-na-sani a kanta. Ƙanwar ceɗiya da durumi ce, idan reshe ya karye sai farin ruwa ya fito kamar nono. Na datse ta a cikin kejin, ganganci nawa ne, washegari hawainiyar ta wuni da ido ɗaya a rufe tana goga shi a jikin itace. Ruwa na yi ta fesa mata, kwana biyu idon ya buɗe. Fikus ɗin tana ƙofar falo yanzu, ta yi kyau a can.

Ranar Asabar zan koma wajensa in ƙaro hibiskus guda, ramar ta fara tsufa. Ya ce in zo masa da hoton hawainiyar, bai yarda da gaske nake ba.