Na saurari taskar Grateful Dead a archive.org

Duk mai son ya gane abin da ya sa wasu Amurkawa suka riƙa barin gida da sana'a suna bin ƙungiyar makaɗa guda daga gari zuwa gari, ya shiga archive.org ya nemi sashen Grateful Dead. Kyauta ne, ba a neman ko sisi, ba sai ka yi rajista ba kafin ka saurara. Na daɗe ina amfani da shi, kuma ban ga taskar kiɗa a intanet da ta kai shi daraja a wurina ba. Sai dai yana son mai haƙuri.

An kafa ƙungiyar a Kalifoniya a 1965, ta watse a 1995 bayan rasuwar Jerry Garcia, jagoran masu jitarta, ranar 9 ga Agusta. A tsakanin nan sun yi wasa fiye da 2,300, kuma ba sa ɗauko jerin waƙoƙin jiya su maimaita yau. Waƙar da a faifai ba ta wuce minti biyar ba, a dandali sai ta kai ashirin ko talatin, domin da zarar an gama baitoci sai kowa ya saki hannu. Garcia ya ja gaba, Phil Lesh ya bi ta ƙasa da jitar bes yana tsara nasa amon, masu ganga biyu, Bill Kreutzmann da Mickey Hart, suna riƙe da tafiyar. Kamar dai makaɗin fada ne da ya hango babban baƙo ya shigo, nan take ya karkatar da kiɗa, 'yan amshi suka bi shi ba tare da an yi shawara ba. Wannan salo ne Amurkawa ke kira jam, kuma daga gare su ƙungiyoyi irin su Phish suka gaje shi.

Abin da ya haifar da taskar shi ne ƙungiyar ba ta hana masoyanta naɗar wasa ba. Daga 1984 ma har wuri aka keɓe wa masu rakoda a cikin zaure. Sharaɗi ɗaya ne: a yi musanyar kaset, kar a sayar. Shekaru aka yi ana aika kaset ta gidan waya tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Da Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, ta buɗe sashen kiɗan dandali a 2002, sai waɗannan kasa-kasai suka sami mazauni. Tun bayan taƙaddamar da aka yi a 2005 tsakanin ƙungiyar da masoyanta kan sauke naɗe-naɗen, tsarin ya tsaya haka: naɗin da aka ɗauko kai tsaye daga na'urar haɗa sauti, mai alamar SBD, saurara kawai ake yi, naɗin 'yan kallo kuwa, mai alamar AUD, kana iya sauke shi a wayarka.

Yawancin sababbin shiga SBD suke rugawa, saboda tsabtarsa. Ni kam AUD na fi so, nesa ba kusa ba. A naɗin na'ura kana jin kowace tsirkiya, amma ba ka jin zauren. A naɗin ɗan kallo kana jin yadda sauti ke dukan bango ya dawo, kana jin lokacin da dubban mutane suka gane waƙar da za a shiga tun kafin a kai gare ta, su ɓarke da sowa, makaɗan kuma su ji sowar su ƙara wuta. Rabin wannan kiɗa a wurin jama'a yake. Idan aka cire su, abin da ya rage gwaninta ce kawai.

Daren da aka fi yi wa kirari shi ne na Barton Hall a Jami'ar Cornell, 8 ga Mayu 1977, wanda injiniyar sautinsu Betty Cantor-Jackson ta naɗa, har Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin rajistar sautukan tarihi. Ya cancanta. Kiɗan a daidaice yake, ba tuntuɓe, kuma shi zan ba duk wanda bai taɓa jin su ba. Amma zuciyata tana Veneta, a jihar Oregon, 27 ga Agusta 1972. Wasa ne da aka shirya don ceto wata masana'antar madara ta dangin marubuci Ken Kesey, har tikitin ma a kan takardar yogot aka buga shi. Rana ta ƙwalle, zafi ya sa jitoci suna sauka daga saiti, ruwan sha ya yi ƙaranci. A cikin wannan hali suka yi “Dark Star” ta kusan rabin awa, inda waƙar ke narkewa har ka rasa inda ka fito, sannan ta tattaru a hankali. Cornell ƙungiya ce da ta san hanya. Veneta ƙungiya ce da ke neman hanya a gabanka, kuma wannan neman shi ne abin da na zo ji.

Ƙarƙashin kowane wasa a shafin akwai sharhin da waɗanda suka halarta suka rubuta, kuma wani lokaci nakan fi daɗewa a kansa fiye da kiɗan. Mutanen Cornell ba sa mance dusar ƙanƙarar da suka tarar da suka fito, a watan Mayu. Wasu na tuna abokan tafiyar da suka riga mu gidan gaskiya. Gardama kuwa ba ta ƙarewa: 1972 ko 1977, muryar mawaƙiyarsu Donna Jean Godchaux ta ƙara armashi ko ta rage. Akwai abin da ba na jin daɗinsa, wato yadda wasu ke ambaton shaye-shayen wancan zamani kamar abin alfahari, alhali duk wanda ya saurari wasannin 1994 da 1995 zai ji yadda rashin lafiya ya cinye muryar Garcia da yatsunsa. Waɗannan wasanni ba na iya kai su ƙarshe, tausayi suke ba ni.

Kar a tsallake Masar. A Satumbar 1978 sun yi dare uku a gindin dalar Giza, na ƙarshe ya dace da husufin wata. Masoyansu da yawa sun yarda ba a nan suka fi iya kiɗa ba, ni ma haka na ji. Amma wurin da Hamza El Din, mawaƙin Nubiya, ya shigo da tafi da gangarsa ta hannu, Garcia kuma ya lallaɓo da jita ya shiga cikin amon, kunnen ɗan Afirka zai ji shi a gida.

Dare guda yakan zo da naɗi biyar ko goma, don haka duba wanda aka fi yabawa kafin ka danna. Wasa ɗaya yana kai awa uku, saboda haka sauke AUD inda akwai Wi-Fi ya fi sauƙi ga data. Manhajar Relisten tana jawo wannan taska ta jera ta shekara-shekara, ta fi daɗin amfani a waya. Ka sa abin kunne mai kyau, ka fara da 1977, in kunne ya saba sai ka koma baya zuwa 1972.