Ajin Nazarin Tsufa na u3a a Ingila: Abin da Na Gani Bayan Shekara Guda

Shekara guda ke nan ina halartar wani ajin nazari na ƙungiyar u3a (University of the Third Age, wato ƙungiyar karatu ta dattawan da suka ajiye aiki) a garin da nake zaune a arewacin Ingila, kuma ina ganin ya cancanci dattawanmu da suka ajiye aiki a ƙasar nan su san da shi. Asalin tsarin daga Faransa ne, inda Farfesa Pierre Vellas ya buɗe jami'ar dattawa a Toulouse a 1973. Da ya iso Birtaniya a 1982 sai aka sauya masa fasali, ya zamana babu malamin da ake biya, babu jarrabawa, babu takardar shaida, 'yan ajin ne ke koyar da junansu, kuma kuɗin shiga na shekara bai taka kara ya karya ba.

Ajinmu yana nazarin yadda tsufa ke zuwa wa mutane da bambanci gwargwadon halinsu. Abin da ya fi amfanata shi ne zaman da muka yi a kan rahoton Farfesa Michael Marmot na 2010, wanda ya nuna cewa mazauna unguwannin da suka fi talauci a Ingila suna riga mazauna unguwannin masu hali mutuwa da kimanin shekara 7, sannan tazarar shekarun da mutum ke yi cikin ƙoshin lafiya ba tare da nakasa ba ta kai 17. Alƙaluman ba su ratsa ni sosai ba sai da wata dattijuwa ta bayyana mana yadda shekarun da ta bar aiki tana jinyar mahaifiyarta suka rage mata fansho, domin cikakken fanshon gwamnati a sabon tsari yana bukatar shekara 35 na gudummawar inshorar ƙasa (National Insurance). Irin wannan bayani daga bakin mai shi ne ya sa nake yaba wa tsarin.

Abin da ke damuna shi ne, mutanen da rahoton ke magana a kansu ba kasafai suke zama a ɗakin ba. Yawancinmu tsofaffin malamai ne da ma'aikatan jinya da na ofis, masu sauran lafiya da abin hawa. Ƙofa a buɗe take ga kowa, sai dai ciwon gwiwa da wahalar motar haya da ƙarancin Turanci suna tsare mutum a gida. Tun watan jiya nake ɗauko wani maƙwabcina da ya yi rayuwarsa yana dako a rumbun kaya, kuma a zamansa na biyu shi ya jagoranci tattaunawar da muka yi a kan ciwon baya da aikin ƙarfi ke barin mutum da shi.